Ranar da alƙali ya ce a'a, wa ke ji?

A fadarmu ta unguwar Zariya, nan Maraɗi, ba a cika gardama a kan Amurka ba sai in zaɓe take yi ko yaƙi. Amma wani dare a ƙarshen watan Nuwamban 2025, sanyi ya fara shigowa, muna kewaye da gawayin shayi bayan isha'i, wani ƙanenmu ya ƙara muryar wayarsa ya ce mu saurara. Wata alƙaliya ce a Amurka ta kori ƙarar da gwamnatin tarayya ta shigar a kan James Comey, tsohon shugaban hukumar bincike ta FBI, haɗe da wadda aka shigar a kan Letitia James, babbar lauyar jihar New York. Su biyun, kowa ya sani, ba sa ga-maciji da Donald Trump.

Alhajin da muke zama a ƙofar gidansa, dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin Maraɗi da Kano, ya kurɓi shayinsa ya dube ni.

"To, Malam, ka ji masu koya mana dimokuraɗiyya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ashe duk kanwar ja ce. Kowa ya hau kujera sai ya ɗaure abokin gabarsa."

Fada ta goyi bayansa. Na ce, "Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, amma ka bar rabin da ya fi damuna. Ka ji an ce alƙaliya ta kori ƙarar. Shin ka ji an ce an kori alƙaliyar? Ka ji an ce an je gida an ɗauke mutanen nan duk da hukuncinta?" Ya yi shiru, sannan ya ce in zuba masa na biyu. Maganar ta tsaya nan a daren, amma a zuciyata ba ta tsaya ba.

Abin da nake son faɗa shi ne, kwaɗayin mai mulki na ya ɗauki kotu ya mayar da ita sandar dukan abokan hamayyarsa babu ƙasar da babu shi. Abin da ke raba ƙasa da ƙasa shi ne abin da ke biyowa bayan alƙali ya dubi mai mulki ya ce masa a'a. In aka ji maganarsa aka buɗe ƙofar kaso, akwai shari'a a ƙasar ko da ta rame. In aka ninke takardarsa aka jefa a aljihun tebur, gini da riguna da tambari ne kawai suka rage.

A dubi yadda ta Comey ta faro, don babu wanda zai kira ta shari'ar da ta taso da kanta. Trump ne ya kore shi daga FBI a 2017. Letitia James kuwa ita ta maka Trump da kamfaninsa a kotu a kan zuzuta darajar kadarorinsa. Ranar 20 ga Satumban 2025 shugaban ya fito a shafinsa na Truth Social ya kira ministar shari'arsa ta lokacin, Pam Bondi, da sunanta, yana ƙorafin an ƙi gurfanar da mutanen nan. Kwana ɗaya kafin wannan, babban mai gabatar da ƙara na gabashin jihar Virginia, Erik Siebert, ya bar kujerarsa cikin matsin lamba. Aka maye gurbinsa da Lindsey Halligan, wadda ta taɓa zama lauyar Trump ta ƙashin kansa, ba ta kuwa taɓa aikin gabatar da ƙara ba. Ranar 25 ga Satumba aka tuhumi Comey da yi wa majalisar dokoki ƙarya a shaidar da ya bayar a 2020, saura ƴan kwanaki wa'adin shekara biyar da doka ta ɗiba na shigar da irin wannan ƙara ya cika. Ranar 9 ga Oktoba aka tuhumi James a kan takardun bashin banki na wani gida. In wannan ba bita-da-ƙulli ba ne, ban san abin da kalmar ke nufi ba. A nan Alhaji yana da gaskiya ɗari bisa ɗari.

Sai ranar 24 ga Nuwamba alƙaliya Cameron Currie ta ce naɗin Halligan ya saɓa wa doka, saboda haka duk ƙarar da ta sa wa hannu babu ita. Ba ta wanke mutanen daga zargi ba, ta dai ce ba ta wannan ƙofar ake shiga ba. Gwamnati ta fusata, ta ce za ta ɗaukaka ƙara, wanda haƙƙinta ne. Ta sake kai maganar James gaban kwamitin ƴan gari da dokarsu ta ce sai sun amince kafin a tuhumi mutum da babban laifi, sau biyu cikin Disamba, sau biyun suna ƙi. A duk tsawon watannin nan Comey da James a gidajensu suke kwana.

Wanda ya fi taɓa ni ma shi ne na magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, don ya nuna ɗaya fuskar cutar. Mai mulki ba ɗaure maƙiyi kaɗai yake so ba, yana son ya kwance wanda zai yi masa amfani. An tuhumi Adams da cin hanci a Satumban 2024. A Fabrairun 2025 ma'aikatar shari'a ta ba da umarni a janye ƙarar, cikin dalilanta har da cewa shari'ar na hana shi taimaka wa gwamnati wajen farautar baƙin haure. An kuma so a janye ta ta yadda za a iya dawo da ita duk ranar da aka ga dama, wato a bar masa igiya a wuya, bakin igiyar a hannun fadar shugaban ƙasa. Mai gabatar da ƙarar, Danielle Sassoon, wadda gwamnatin Trump ɗin ce ta ɗora ta riƙon ƙwarya, ta ce ba da ita ba, ta ajiye aiki. Wasu lauyoyin gwamnati suka bi bayanta. A Afrilu alƙali Dale Ho ya rufe ƙarar rufewar da ba za a sake buɗewa ba, don ya tsinke igiyar nan. Adams ya tsira, wannan kuwa bai yi mini daɗi ba, amma cinikin da aka ƙulla ya fito fili, kuma an samu masu albashi mai tsoka da suka zaɓi barin kujera a kan su sa hannu.

Kada a ɗauka yabon Amurka nake yi. Ƙasar da ta buɗe kurkukun Guantanamo a 2002, ta ajiye Musulmi a ciki sama da shekara ashirin, wasu ba a taɓa karanta musu laifinsu ba, ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi. Kotun ƙolinta ta yanke a Yulin 2024 cewa shugaba na da rigar kariya a kan ayyukan ofishinsa. Joe Biden ya yafe wa ɗansa Hunter a Disamban 2024 bayan ya sha cewa ba zai yi ba. Trump ya yi afuwa ga mutum wajen 1,500 da aka tuhuma a kan afka wa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, a ranar farko da ya koma mulki. Sai da aka fallasa tafiye-tafiyen alfarma da wani attajiri ya daɗe yana ɗaukar wa alƙalin kotun ƙoli Clarence Thomas nauyinsu kafin kotun ta rubuta wa kanta ƙa'idojin ɗa'a a Nuwamban 2023. Akwai kuma wani abu da ya kamata ƴan fada su lura da shi. A Yulin 2024 alƙaliya Aileen Cannon, wadda Trump ya naɗa, ta kori ƙarar da aka shigar a kansa ta ɓoye takardun sirri, da hujjar cewa naɗin mai gabatar da ƙarar, Jack Smith, bai bi doka ba. Waɗanda suka yi Allah wadai da wancan hukunci su ne suka yi guɗa da na Currie, waɗanda suka yi guɗa da wancan su ne suka yi kumfar baki da wannan, alhali hujjar kusan iri ɗaya ce. Ashe su ma laifi tudu ne a wurinsu. Sai dai a duka biyun hukuncin alƙaliya ya zauna, gwamnatin da ba ta so ta bi hanyar ɗaukaka ƙara.

Yanzu mu tsallaka Ɗan Isa mu shiga Jibiya, don Najeriya ita ce tarayyar da muka fi sani. Rabin danginmu suna can, rediyoyinsu muke ji, in Kano ta yi atishawa mu ke kwana da mura.

Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, an kama shi a Disamban 2015 bisa zargin karkatar da kuɗin sayen makamai dala biliyan 2.1. Zargi ne mai nauyi, a lokacin da sojoji ke mutuwa a Borno, kuma ban ga laifin gurfanar da shi ba. Amma kotuna sun ba da belinsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ma ta ce tsarewar haramtacciya ce a 2016, ba a sake shi ba sai Disamban 2019. Sheikh Ibrahim Zakzaky, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce a sake shi cikin kwana 45 a Disamban 2016. Ya fito a Yulin 2021. Ka so su ko ka ƙi su, abin da gwamnati ta koya wa kowane ɗan sanda da kowane gandiroba a shekarun nan shi ne takardar alƙali ba ta kai kiran waya daga sama ba. A Janairun 2019, ana saura makonni zaɓe, shugaba Buhari ya dakatar da alƙalin alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata. Sai a Nuwamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, bayan kujerar ta daɗe da zama ta wani.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar 1 ga Nuwamban 2024. An kawo mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Da yawansu yara ne daga Kano da maƙwabtanta, wasu ba su wuce shekara goma sha huɗu ba, sun shafe wata uku a tsare. Duk mun ga bidiyon a wayoyinmu: haƙarƙari a waje, wasu sun zube a ƙasan kotu suna murƙususu, ana miƙa musu biskit suna wawaso. Hausa suke yi, irin ta yaran da ke wucewa ta ƙofar gidajenmu. Alƙali ya dubi waɗannan ya sa belin naira miliyan goma a kan kowane ɗaya. Ba kotu ce ta cece su ba. Surutun duniya ne ya yi yawa, shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su bayan kwana uku, sannan aka janye ƙarar. Na yi murna da suka koma gida, amma murna ce mai ɗaci, don bakin da ya ce a saki shi ne ke da ikon cewa a riƙe, wanda kuwa aka ɗora a kujera don ya tsaya tsakanin yaran da gwamnati bai tsaya ba.

Ba sai na daɗe a kan rikicin masarautar Kano na Mayun 2024 ba, inda kotun tarayya ke cewa a fitar da wannan sarki, kotun jiha na cewa kada a taɓa shi, duk cikin mako guda, har alƙalin alƙalai ya kira shugabannin kotunan su yi bayani. Talakan da ya ga haka me zai sa ya yarda hukunci daga littafin doka yake fitowa?

To, mu dawo gida, don gemun da ya kama wuta ba na maƙwabci ba ne kaɗai.

Mu ba tarayya ba ce, shari'armu ɗaya ce daga Yamai har Bilma, kuma tsarinta gadon Faransa ne. A wannan tsari masu gabatar da ƙara suna ƙarƙashin ministan shari'a, majalisar da ke kula da naɗin alƙalai da sauya musu wurin aiki kuwa shugaban ƙasa ke jagorantarta. Ko a lokacin da tsarin mulkin 2010 ke aiki haka abin yake. Alƙalin da ya san yaransa na lakwal a Yamai, kuma takarda ɗaya za ta iya kai shi ƙarshen ƙasa kafin damina, kowa ya san da wane irin hannu zai riƙe alƙalami in aka kawo masa dosiyen wani babba.

Duk da haka mun taɓa ganin alƙalan da suka tsaya. A 2009, da marigayi Tandja Mamadu, wanda tsofaffin garin nan suka sani tun yana gwamnan Maraɗi a zamanin Kunce, ya nemi tazarce, kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazeye ta soke dokar kiran zaɓen raba-gardama ranar 12 ga Yuni. Ranar 29 ga wata ya rusa kotun. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Tandja mutum ne da talakan karkara ya so, ni ma ina ganin ƙimarsa har gobe. Amma da ya ji maganar matar nan, da ya sauka da mutuncinsa, da ƙasar ba ta sake faɗawa hannun soja ba a lokacin. Daga baya shi kansa ya kwana a gidan kason Kollo, kuma kotu ce ta sake shi a Mayun 2011. Kotun da mutum ya raina yana kan kujera ita yake nema in ya sauka.

Marigayi Hama Amadu ya ɗanɗana a hannun gwamnati biyu. A 2008 an tsare shi a Kutukale a zamanin jam'iyyar da ya yi wa firaminista. A Nuwamban 2015 ya sauko daga jirgi aka wuce da shi Filinge a kan shari'ar safarar jarirai, daga cikin kaso ya yi takarar shugaban ƙasa a 2016 har ya kai zagaye na biyu. Hukuncin shekara ɗaya da aka yanke masa a 2017 shi aka kafa hujja da shi aka hana shi takara a 2020. Magoya bayan gwamnatin lokacin suna cewa a bar shari'a ta yi aikinta. A Maris ɗin 2018 aka kama ƴan farar hula, Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika, a kan zanga-zangar dokar kasafin kuɗi, suka yi wata huɗu a tsare, sannan aka yanke musu ɗaurin wata uku na jeka-ka-gyara-halinka. Wato zaman jiran ya fi hukuncin tsawo. Mohamed Bazum ne ministan cikin gida a lokacin. Shi kuma, bayan ya zama shugaban ƙasa, an tsare shi tun ranar 26 ga Yulin 2023, kotun ƙungiyar Afirka ta Yamma ta ce a sake shi a Disambar shekarar, aka cire masa rigar kariya a Yunin 2024, ya cika shekara biyu a tsare ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Cangarin nan dai an sake ɗauke shi daga gidansa a Disamban 2024, aka kai shi Filingen da aka taɓa kai Hama. A Agustan 2025 aka rusa ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, har da ta alƙalai, SAMAN, aka kuma tuɓe sakatarenta daga alƙalanci.

Ban kawo sunayen nan don in wanke wani ba. In akwai hujjar cin amanar ƙasa a kan Bazum, a kawo ta gaban kotu a fili, ya zo da lauyoyinsa, mu ji da kunnenmu. Haka zan ce a kan kowa, haka kuma na ce a 2016 lokacin da faɗar hakan ke sa a kira ka ɗan adawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ƴan kallo. Wanda ya yi kuka ranar da aka kai Hama Filinge yau yana cewa Allah ya ƙara, wanda ya ce a bar shari'a ta yi aikinta a 2016 yau shi ke neman ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Alhali mun sha jin ayar nan ta Suratul Ma'ida da ke cewa kada ƙin wasu mutane ya sa mu kasa yin adalci.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai ƙarfi. Za a ce manyan nan ɓarayi ne, da ka taɓa ɗaya sai ya ɗaga murya ya ce siyasa ce. Gaskiya ne, kalmar bita-da-ƙulli ta zama bargon da kowane ɓarawon biro ke lulluɓa da shi. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaronmu a 2020 ya gano ɓatan kuɗi wajen biliyan 76 na sefa, a watannin da muka binne sojojinmu na Inates da Cinagodar. Wa muka ga an ɗaure daga cikin manya? Waɗanda suka shiga kaso a shekarar su ne masu zanga-zangar neman a yi shari'a, da ƴar jarida Samira Sabu. Wannan shi ke nuna cewa kotun da mai mulki ke juyawa ba ta kama ɓarawo, tana kama wanda ya fita daga inuwa ne kawai. Shafaffe da mai yana nan yana gina benaye har ranar da zai ɓata da masu gida. Mai son a hukunta ɓarayin dukiyar ƙasa da gaske shi ya fi kowa buƙatar alƙalin da ba a kiransa a waya.

Za a kuma ce ƙasa na cikin yaƙi. Mu da ke da dangi a Madarunfa da Gidan Rumji, da muka san abin da ake nufi da a kwashe shanun mutum a tafi da matarsa a nemi kuɗin fansa, ba sai an ba mu labarin rashin tsaro ba. Sau nawa na ji ana cewa jami'an tsaro na kamawa, kotu na saki. Amma in an saki ɗan fashi don an kasa kawo shaida, maganin shi ne bincike mai kyau da kare masu ba da shaida, don mutumin ƙauye ba zai zo ya nuna ɗan bindiga da yatsa ba in ya san daren ranar za a zo masa. In kuwa an sake shi don an ba da wani abu, to alƙalin ne ya kamata ya amsa tambaya. Babu ɗaya cikin biyun da tsare mai magana a rediyo zai gyara.

Ba kuwa halin Bature ba ne alƙali ya tsaya a kuma ji maganarsa. A Kenya kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaba mai ci a Satumban 2017, aka sake zaɓe. A Malawi an yi haka a 2020, mai ci ya faɗi. A Senegal, Fabrairun 2024, majalisar tsarin mulki ta ce wa Macky Sall ɗage zaɓen da ya yi haramun ne, ya bi, Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kaso kwana goma kafin zaɓe ya lashe. Mu kuma muna da abin da ya riga duk waɗannan. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari ta umarce shi ya daidaita mutane a zamansa da dubansa da hukuncinsa, don kada babba ya yi kwaɗayin zai karkata gare shi, kada mai rauni ya fid da rai daga adalcinsa. Hadisin alƙalai uku, biyu a wuta ɗaya a aljanna, duk ɗalibin zaure ya san shi.

Ga alƙalanmu kuwa, ranku ya daɗe, ba za ku nemi jama'a ta tsaya muku ranar da aka taɓa ku ba in jama'a ba ta taɓa ganin kun tsaya mata ba. Ragon layya da ke shigowa gida daga hannun ɗan kasuwar da ke da ƙara a gabanka, da kujerar Makka, da fili a sabuwar unguwa, duk an san su a gari, kuma in baki ya ci dole ido ya ji kunya. Akwai masu gaskiya a cikinku, na san wasu da ke hawa tsohon babur zuwa aiki, amma shirunku a kan na banza ya sa an yi muku kuɗin goro. Ni abin da nake roƙo bai da yawa: wa'adin da doka ta sa wa tsaren jiran shari'a ya zama wa'adi na gaske, wanda in ya cika ƙofa za ta buɗe ko da waye ya sa aka rufe, sauya wa alƙali wurin aiki ya fita daga hannun mutum ɗaya, hukunci kuma a karanta shi da harshen da mai ƙara ke ji, a ba shi takardarsa a hannu.

Abin da ya sa maganar nan ba ta bar ni in yi barci ba a daren da muka yi ta a fada, ba Comey ba ne, ba kuma Hama ba. Ɗan yayata ne. Ɗan kabu-kabu ne a wani gari da ba zan ambata ba. Wani dare ya ɗauki fasinja da batirin sola a buhu, ashe na sata ne. Aka tare su a hanya, fasinjan ya dira ya shige duhu, aka tafi da yaron da babur ɗin. Kwana kaɗan aka sa hannu a takardar tsarewa, aka ce ana bincike. Na raka Yaya kai masa abinci sau da dama. Za ta tashi tun asuba ta tuƙa tuwo, ta dama fura, mu yi layi a rana da sauran mata, mai gadi ya sa cokali ya tona tuwon har ƙasan kwano kafin ya bari a shiga da shi. Duk zuwa sai ta ce mini, "Kai da ka yi boko, ka tambaye su, yaushe za a yi shari'ar?" In na tambaya sai a ce dosiye na wurin alƙali mai bincike. Da muka koma aka ce an sauya wa alƙalin wurin aiki. Da muka sake komawa aka ce sabon bai karɓi aiki ba tukuna. Ta sayar da tumakinta biyu da ɗan kunnen aurenta, kuɗin suka tafi a mota da abinci da hannun masu cewa sun san wani a ciki. Babu wanda ya ƙi yaron nan, babu ɗan siyasar da ya san da zamansa. Ya faɗa ne cikin ramin da aka haƙa domin manya, inda aka saba cewa a ajiye mutum tukuna, a nemi hujja daga baya.

Bayan wata goma sha ɗaya aka kira shi aka ce babu abin da za a tuhume shi da shi. Takardar shafi ɗaya ce. Da muka je karɓar babur ɗin, mun tarar da shi a jingine da bango, tayoyin sun tsage, babu batir, babu madubi, tankin ya yi tsatsa. Mai babur ɗin ya ce shi ba ruwansa da shari'a, kuɗinsa yake so. Yanzu yaron yana tura kurar ruwa a unguwarsu, yana biyan mutumin jika biyu duk ranar Juma'a.